Gizago da muciya a gida ɗaya

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, kuma lissafin kuɗi ne aikina, saboda haka daga safiyar Litinin zuwa Juma'a ina zaune ne a kujera ɗaya, idona a kan kwamfuta, hannuna a kan takardu. Da wannan aiki nake ciyar da iyalina, ina kuma gode wa Allah da ya ba ni shi. Sai dai a unguwarmu ba da shi aka fi sanina ba. Yara suna kirana Baba mai katako saboda 'yar rumfar kwano da na kafa a bayan gida, inda nake sassaƙa da ƙananan ayyukan kafinta a ranakun hutu, manya kuwa sun san cewa ina shiga madafa in yi girki da kaina, wasunsu suna yabawa, wasu kuma har yau abin bai kwanta musu a rai ba. Ban taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba, ban kuma taɓa dafa abincin sayarwa ba. Abin da ya sa nake so in ba da labarina shi ne, bayan na daɗe ina haɗa ayyukan nan biyu, na tabbata cewa a wurina aiki ɗaya ne, domin girki ne ya nuna mini irin abin da ya kamata in sassaƙa, sassaƙa kuma ita ta sa na san darajar itatuwan da miyarmu take fitowa daga jikinsu.

An haife ni a farkon shekarun 1970 a wani ƙauye da ke gabas da Kano. Ni ne ɗan fari, kuma maza ne suka biyo ni a jere kafin Allah ya ba mahaifiyata 'ya mace. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa ambaton sunana ba, sai dai ta ce "kai yaron nan", amma duk da haka ni ne mai taimaka mata a tsakar gida. Ni nake ɗebo ruwa, ni nake hura wuta, ni nake kai niƙa in dawo da shi, kuma a lokutan da jiki ya hana ta tsayawa kan tukunya, takan zauna a 'yar kujerarta ta jingina da bango tana faɗa mini abin da zan yi. Har yanzu ina jin muryarta tana cewa, "Kai yaron nan, dakata da garin nan, talgen bai nuna ba tukuna, idan ka tuƙa shi a haka tuwon ba zai kwana ba." A gidan da ɗumamen safe shi ne karin kumallon kowa, tuwon da ba ya kwana babbar asara ce, don haka tun ina ƙarami na san cewa girki abu ne da ake yi da lura. Mahaifina manomi ne mai koyar da karatun allo da dare, kuma bai taɓa hana ni ba. Abin da yakan faɗa kawai shi ne, wanda ya iya dafa abin da zai ci ba zai wulaƙanta a baƙon wuri ba.

Sha'awar itace kuwa daga kasuwar ƙauyenmu ta samo asali. A gefen kasuwar masassaƙa suke baje kayansu, turame da taɓare da akusa da kujerun mata da ƙotocin fartanya da allunan karatu, kuma wasunsu a nan suke ƙarasa aikin a gaban mai saye. Idan Inna ta aike ni sayen daddawa, nakan tsaya a wurinsu ina kallon yadda gizago yake ɗauke ɓawon itace sala-sala ba tare da ya wuce inda mai shi yake so ba. Sassaƙa sana'ar gado ce, mu kuwa ba gidan masassaƙa ba ne, don haka babu wanda ya yi tunanin miƙa mini gizago, ni ma ban yi ƙarfin halin roƙo ba.

A makarantar sakandare na fara riƙe zarto. Mun shiga ne a lokacin da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4, wanda ya zo da darasin koyon fasaha a ƙananan azuzuwa, gwamnati kuma ta sayo injina da kayan aiki daga ƙasashen waje ta raba wa makarantu. A makarantu da yawa injinan sun zauna cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da rashin wanda zai haɗa su, tamu ma haka ta kasance. Allah ya haɗa mu da wani malami mai kishi wanda ya ce ko injin bai tashi ba, zarto da guduma da sukwaya ba sa bukatar wuta. Ya buɗe akwatin kayan hannu, ya koya mana yadda ake ja layi a kan katako, da yadda ake yanka a gefen layin ba a kansa ba, da yadda ake haɗa katako biyu su kama juna tun kafin a buga ƙusa. Allah ya saka masa da alheri, domin da abin da ya koya mana a wancan ɗan lokaci nake aiki har yau.

Hidimar ƙasa ta kai ni Jihar Ondo a tsakiyar shekarun 1990, kuma a can na ga asalin katakon da muke saye a Arewa. Na ga manyan motoci suna fitowa daga daji ɗauke da gungumen iroko da obeche da afara, wani gungumen shi kaɗai ya ishi mota, na kuma ga masana'antun da ake tsaga su falanki-falanki. A lokacin ana fama da ƙarancin kananzir, mutane da yawa sun koma girki da murhun garin katako, wanda ake cusa garin a cikin gwangwani a danne shi sosai a bar rami a tsakiya, ya yi ta ci a hankali. Da irin wannan murhu na riƙa dafa abincina. Nakan je unguwar Hausawa in sayo kuka da daddawa da garin masara, in dawo in tuƙa tuwo a ɗan ɗakina, abokan hidimata 'yan Arewa su taru mu ci. A nan maganar mahaifina ta tabbata a kaina.

Bayan na dawo na kama aiki na yi aure, sai duk abubuwan nan biyu suka kwanta. Maiɗakina ta karɓi madafa, ofis kuma ya cinye lokacina, har shekaru suka tafi ban riƙe zarto ba ban riƙe muciya ba. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda annobar korona, na sami kaina a gida babu inda zan je, ga kuma likita ya riga ya gargaɗe ni a kan hawan jini da yawan zama. Ƙofar kabad ɗin madafarmu ta daɗe da ɓallewa, na nemo tsohon zarto da guduma na gyara ta. Da na gama sai na lura cewa maiɗakina tana yanka albasa a tafin hannunta, tana kuma sunkuyawa a kan ƙaramin tebur har bayanta yana ciwo. Na ce mata, "Hajiya, miƙe tsaye in gwada tsayinki." Na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, na rage kaɗan, na yi mata tebur daidai da hakan daga ragowar katakon rufin gida. Teburin nan ba shi da wani ado, amma tun daga ranar ta daina kukan ciwon baya idan ta gama aiki, ni kuwa daga wannan aikin ban sake ajiye kayan aiki ba.

Da aka buɗe gari sai na tafi neman abin da na rasa tun ina yaro. Na sami wani dattijo masassaƙi a wani ƙauye kudu da Kano, na gaishe shi na faɗa masa buƙatata. Ya dube ni ya dubi motata ya ce, "Ɗana, kai da kake da albashi, me za ka yi da gizago?" Na ce, "Baba, tun ina yaro nake kallonsa a hannun mutane, so nake in riƙe shi kafin ƙarfina ya ƙare." Ya yi shiru, sannan ya miƙo mini wani guntun ice ya ce in fere masa ɓawon. Daga nan na riƙa zuwa wurinsa a wasu Asabar ɗin, ina kai masa goro da sukari, yana koya mini abin da babu shi a darasin makaranta. Shi ya nuna mini bambancin kafinta da masassaƙi: kafinta yana sayen busasshen katako ya yanka ya haɗa, masassaƙi kuwa yana fara aiki tun icen yana ɗanye, ya fitar da siffar abin daga gungume ɗaya, sannan ya bar shi ya bushe a inuwa kafin ya ƙarasa. Shi ya sanar da ni cewa ƙirya ce uwar turmi saboda taurinta da nauyinta, aduwa kuma ita ce ta allo da ƙananan kayan hannu, marke na ƙota ne, maɗaci kuwa a bar shi ga ƙofa da kujera, kada a kai shi bakin tukunya saboda ɗacinsa. 'Ya'yansa duk sun tafi birni, wani yana jan adaidaita sahu, wani yana sayar da kayan waya, kuma na fahimci cewa jin daɗin samun mai tambaya ne ya sa ya sake mini jiki haka.

Yanzu rayuwata ta zauna a kan tsari guda. A ranakun aiki ba na taɓa katako, sai dai bayan sallar isha'i nakan zauna a rumfa in wasa kayan aiki a kan dutse, domin kaifi shi ne rabin aikin, kuma dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi saurin yanke mutum tunda sai an danna shi da ƙarfi. Ranar Asabar bayan na dawo daga masallaci da asuba nakan share rumfa in jera abin da zan yi, amma ba na fara bugu sai rana ta ɗaga, kuma ina tsayawa daga azahar zuwa la'asar, saboda maƙwabta suna da haƙƙin barci da hutu. Kusan duk aikina da kayan hannu nake yi, zarto da gizago da kurfi da magagari da samfefa, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma ba na son in tayar da janareta saboda abin da sha'awa ce kawai ta sa ni. Idan ina bukatar falanki ko tubaitu ko tubaifo, wato sandunan katako masu kusurwa huɗu, sai in tafi 'Yan Katako a Na'ibawa, in zaɓa da kaina ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowanne in saita idona a tsawonsa don in ga ko ya karkace. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin katako ya tashi ƙwarai, domin yawancinsa daga Kudu ake ɗauko shi a mota, don haka na koma tattara tsofaffin ƙofofi da gadajen da mutane suka yar, da rassan da aka sare a gefen titi. Tsohon katako ya riga ya bushe sosai, kuma sau da yawa ya fi sabon da ke kasuwa inganci.

Wanda zai yi aikin katako a Kano dole ya san cewa shekara biyu ce a cikin shekara ɗaya. Da damina katako yana shan danshi ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, aljihun tebur ya cije. Da hunturu kuwa iska tana tsotse shi har ya tsuke, wani ya tsage da ƙara cikin dare. Saboda haka idan na haɗa ƙofar kabad a watan Janairu nakan bar mata 'yar tazara, idan kuma a watan Agusta ne sai in matse ta sosai, domin na san inda za ta koma. Ɗanyen ice kuma nakan shafe bakinsa biyu da narkakken kyandir in jingine shi a inuwa, saboda ta baki yake saurin bushewa, ta nan kuma tsagewa take farawa.

Muciya ita ce abin da na fi sassaƙawa, kuma a kanta na fi ganin amfanin kasancewata mai girki. Yawancin na kasuwa an yi su ne da gaggawa, wata gajera ce har tururi ya ƙona hannu, wata kanta ya yi kauri ba ta shiga kusurwar tukunya, wata kuma an yanke ta ne a karkace da jijiyar icen, ranar da tuwo ya yi tauri sai ta karye a wuya. Ni nakan ɗauki guntun aduwa in tsaga shi da gatari maimakon in yanka da zarto, domin tsagawa tana bin jijiyar icen daga sama har ƙasa, abin da ya fito ta wannan hanya kuwa ba ya karyewa da sauƙi. Tsawonta kamu ɗaya da ɗani ɗaya na hannun wadda za ta yi amfani da ita, idan tukunyar gidan babba ce in ƙara. Da gizago nake fitar da siffar, in bar mariƙin ya cika tafin hannu ba tare da ya hana yatsu haɗuwa ba, in sirantar da wuyan kaɗan don ta riƙa ɗan lanƙwasa, sannan in faɗaɗa kan in karkata gefe ɗaya yadda zai riƙa goge gindin tukunya yana murƙushe gudaji a jikin bango. Bayan ta bushe sai in bi ta da magagari da samfefa, in jiƙa ta da ruwa don ƙananan zaruruwan icen su tashi, in bari ta sha iska in sake gogewa, domin idan ba a yi haka ba, ranar farko da ta shiga ruwan zafi za ta yi kaushi. Ba na shafa wa kayan abinci fenti ko banish. Man kwakwa kaɗan nake shafawa in goge, man gyaɗa kuwa na guje shi saboda idan ya daɗe a jikin ice yana canza wari.

A nan akwai abin da nake so masu girki su kula da shi. Katakon gini da yawa ana shafe shi da maganin gara ko baƙin man mota, kuma na sha ganin an ɗauki guntun irinsa an mayar da shi abin yanka nama, ko an cusa shi a murhu ana gasa abinci a kai. Wannan ganganci ne da lafiyar iyali. A gidana katakon yanka nama daban, na kayan miya daban, dukansu daga icen mangwaro da na san inda aka sare shi, kuma bayan aiki ana wanke su da sabulu a goge da gishiri da lemon tsami a jingine su a tsaye su bushe.

Girkin Asabar da Lahadi nawa ne, bisa yardar maiɗakina, domin madafa daularta ce kuma ban shige ta ba sai da na nemi izini. Safiyar Asabar ɗanwake nake yi, in kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, in riƙa jefawa a tafasasshen ruwa har su taso, a ci da mai da yaji da yankakken tumatir da albasa. Daren Lahadi kuwa na tuwon dawa ne da miyar kuka, kuma shi ne abincin da nake yi da dukkan zuciyata. Dawar kaura nake saye tun da kaka a Dawanau, a surfa a wanke a shanya a niƙa, in tankaɗe da kaina. Miyar nake fara ɗorawa, in daka daddawa da albasa da attaruhu da citta da masoro a ƙaramin turmin da na sassaƙa, in zuba a kan ƙashi mai ɓargo ko busasshen kifi, in bar su su yi ta dahuwa har warin ɗanyar daddawa ya tafi ƙamshinta ya fito, domin gaggawa a wannan mataki ita ce take ɓata yawancin miyar kuka. Kafin nan ruwan tuwo ya tafasa, na dama gari da ruwan sanyi na zuba, na sa 'yar kanwa, na bar talgen yana ɓararraka har ya nuna. Sai in rage wuta in riƙa zuba gari da hannun hagu ina tuƙawa da na dama, ina jawo tuwon daga tsakiya ina danna shi a jikin tukunya, har ya yi sumul ya fara sakin gefe, sannan in yayyafa ruwa in rufe ya sulala. Kukar kuwa sai a ƙarshe, ana barbaɗawa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, a kan wuta marar ƙarfi, kuma koriyar kuka wadda aka shanya a inuwa nake nema. Idan na kwashe da mara na malmala, na zuba man shanu a kan miyar, ni da 'ya'yana maza a baƙin akushin mahaifina muke ci.

Ba a rasa masu magana ba. An ce mini mijin-ta-ce, an kuma tambaye ni cikin raha da gaske ko maiɗakina ba ta da lafiya ne. Wani abokin aikina ya taɓa ce mini, "Alhaji, ina girmanka ina tuƙin tuwo?" Amsar da nake bayarwa ba ta canzawa. Kullum muna cin abincin da maza suka dafa, a teburin mai shayi da wurin mai tsire da mai balangu da manyan otal-otal, babu mai ganin aibinsa tunda kuɗi ake biya, to me ya sa zai zama abin kunya idan mutum ya yi wa iyalinsa kyauta? Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ya kuma zo a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Da waɗannan biyun zuciyata ta natsu, ban kuma ƙara damuwa da surutu ba. Abin da na gani da idona shi ne, matar da ta yi shekaru tana tsaye kan murhu safe da dare ta sami kwana biyu a mako tana hutawa, kuma zaman gidanmu ya ƙara daɗi.

Abin da yake damuna a yanzu shi ne itatuwan kansu. Wanda yake girki kawai yana ganin daddawa ta yi tsada, wanda yake sassaƙa kawai yana ganin ice ya yi wuya, amma wanda ya haɗa biyun ya san cewa matsala ɗaya ce. Ɗorawa ce take ba mu kalwar da ake yin daddawa, kuka ta ba mu ganyen miya, tsamiya ta ba mu ruwan kunu, kaɗanya ta ba mu mai, kuma yawancin waɗannan da ƙirya da marke su ne masu gawayi suke bi suna sarewa, musamman tun da gas ya fi ƙarfin talaka. Gonakin ƙauyenmu da na sani cike da ɗorawa yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga guda, kuma waɗanda suka rage tsofaffi ne, babu ƙanana masu tasowa a bayansu. Maɗobiya kuwa ta gamu da nata bala'in, domin an yi shekaru ana kwasarta daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta ana kaiwa ƙasar Sin don yin kayan ɗaki masu tsada, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, take sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Ba na zargin matar da ta sayi gawayi don ta ciyar da 'ya'yanta, domin ba ta da zaɓi. Amma ni da nake wannan aiki don sha'awa ba ni da uzuri, saboda haka na ɗaukar wa kaina alkawari cewa ba zan sayi ɗanyen icen bishiyar da take ba da abinci ba, sai wadda iska ta kayar ko reshen da aka rage. A gonar gado kuma na dasa ɗorawa da maɗaci da aduwa, na kewaye kowace da ƙaya saboda awaki, ƙanena da ke zaune a ƙauyen yana ba su ruwa da rani.

'Ya'yana duka, maza da mata, suna shiga rumfa suna kuma shiga madafa, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na ba ƙarami gizago, da samfefa yake farawa, sannan magagari, sannan zarto, kuma kowa ya san cewa ba a shiga rumfa babu takalmi, ba a kuma barin kaifi yana kallon sama. Ƙaramin ɗana ya riga ya iya dafa shinkafa da wake, 'yata ta biyu kuwa ta fi kowa iya yanka a kan layi, ita ce ma ta haɗa kantar da muke jera kayan ƙamshi a kai.

Aikin da ke gabana yanzu shi ne kayan madafar babbar 'yata, wadda aka sa ranar aurenta bayan babbar salla. Gado da kujeru a wurin kafintoci za mu saya kamar kowa, domin wannan ya fi ƙarfin rumfata, amma abin da hannunta zai riƙa taɓawa kullum na ce ni zan yi. Na gama muciya biyu, babba da ƙarama, da maburgi da ƙoshiya da katakon yanka guda biyu, na kuma auna tsayinta na yanke ƙafafun teburin. Turmin ne ya rage, kuma shi ne mai wuya. Baba masassaƙi ya samo mini gungumen ƙirya daga wata bishiya da guguwar bara ta kayar, mun fitar da siffar waje tare, ya ce in bar rarake cikin sai na zo wurinsa, domin kaurin gindi da na baki ba abin da ake koya da baki ba ne, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Asabar mai zuwa zan tafi da gungumen a bayan mota, in kuma tafi masa da tuwon dawa da miyar kuka a kula, tunda ya ce yana so ya ɗanɗana ya ji ko muciyar da ya koya mini tana aiki.